Mukullin Motar Gawa

Shekara ashirin da biyu mukullin motar gawar unguwarmu yana aljihun kawuna, ƙanin mahaifiyata. Tsohon direban babbar mota ne. Da gwiwa ta hana shi doguwar tafiya sai ya buɗe ɗan shagon igiya da buhu a bakin Jakara. Ba wanda yake biyansa aikin gawa. In aka yi rasuwa, kafin a gama wanka ya rufe shago, ya share bayan motar, ya shimfiɗa tabarma, ya kawo ta bakin lungun da za a fito da mamaci. A unguwarmu ba a saninsa da buhu. Da mukullin nan aka san shi.

Motar tsohuwar a-kori-kura ce mai giyar hannu, fara a da. Tana da dogon baya, makara tana shiga ta kwanta har a rufe. Tun da titin da ya bi ta Goron Dutse ya cika da adaidaita aka daina ɗaukar gawa a kafaɗa daga unguwarmu zuwa maƙabarta, kuma dattawa sun ji zafin haka, domin an raba su da ladan ɗaukar makara. Kawu ne ya samo musu hanya. Akwai wata darbejiya kafin ƙofar maƙabarta. In ya iso gindinta sai ya sa giya a firi, ya kashe inji, jama'a su tura motar da hannu har ƙofa. Na taɓa ƙirga tazarar, taku ɗari biyu da goma ne. Wani baƙo ya tambaye ni me ya sa ba za a sauke makarar a nan a ɗauka a kafaɗa ba. Dalilin shi ne masu ƙarfi ne suke cafke makara su yi gaba da ita. Ɗan shekara tamanin ba ya iya sa kafaɗa, amma yana iya ɗora tafin hannunsa a jikin mota ya bi ta a hankali. Ba ƙarar inji, sai takun takalma da salati ƙasa ƙasa.

Wanda ya kawo wa unguwar sabuwar motar gawa ɗan baffana ne, ya girme ni da shekara shida, yana harkar hatsi a Dawanau. Alhaji ake ce masa. Ba ma shiri da shi tun kafin wannan magana, kuma gara in faɗa tun yanzu domin a san yadda za a auna abin da zan ce. A gidan rediyo inda na yi aiki an koya mana cewa in kana da hannu a labari ka fara da faɗin haka.

Ranar Juma'a ya kawo ta, ya ajiye a ƙofar masallaci daidai lokacin da ake fitowa. Baƙar a-kori-kura ce, mai gida biyu, wato kujerun gaba da na baya, doguwar ƙafa, 'yar Kwatano amma tana sheƙi. Ya ce sadaka ce ga unguwa. Aka yi ta addu'a. Ƙofar masallacin ba ta ɗaukar mota biyu, saboda haka a makon nan aka ba 'yan gwangwan tsohuwar, suka yanka ta a wuni guda. Ba a nemi shawarar Kawu ba. Da ya ji, abin da ya tambaya kawai shi ne ko an cire tabarmar.

Sabuwar otomatik ce. Ba ta da sandar giya, sai wani maɓalli mai zagaye da ake murɗawa kamar na neman tasha a rediyo. Mukullinta ma ba a zura shi ko'ina, ɗan baƙin abu ne kamar kwalin ashana, a bar shi a aljihu a danna wani wuri ta tashi. Direban Alhaji ne ya koya wa Kawu ita a yammaci ɗaya, ina kujerar baya.

"Nan gaba, nan baya, nan tsayawa. Ƙafar hagu kuwa, Baba, ka bar ta a gida."

"Ina firi?"

"Ga shi nan. Amma me za ka yi da firi?"

"Kai dai nuna min."

Ya nuna masa, inji yana aiki. Ba wanda ya tambayi abin da zai faru in an kashe injin. Ni ma ban tambaya ba.

Mako uku ba a yi rasuwa ba. Kawu ya riƙa zagaya unguwa da ita da hantsi don hannunsa ya saba, kuma tun a kwanakin farko ya fara ƙorafi. A babban titi lafiya take gudu. Amma in ya shiga lungu yana tafiyar ƙafa, sai ta yi jim kamar tana shawara, sannan ta zabura. Wani lokaci jikinta duka ya ɗauki rawa kafin ta canza giya. Rana ɗaya wata fitila ta kama a gabansa, wari kamar na ƙonannen mai ya shigo ciki. Ya faɗa wa Alhaji bayan sallar magariba, a gaban mutane, cikin ladabi, duk da a shekaru ya haife shi.

"Alhaji, motar nan a kai ta a duba mata giya. Tana fizga."

Alhaji ya yi dariya yana sa takalmi. "Baba, ba giya ba ce, ƙafarka ce ta tsufa. Wannan motar da kanta take tunani."

"Shi ne abin da ban so ba," in ji Kawu. Aka yi dariya, aka watse.

Wadda ta fara shiga motar goggonmu ce, ni da Alhaji, ƙanwar iyayenmu maza. Ta rasu da safiyar wata Talata cikin bazara, aka sa jana'iza bayan azahar. Da aka fito da ita sai aka ga abin da ba wanda ya auna: gida biyu ya cinye bayan motar, makara ta fi shi tsawo. Dole aka saukar da murfin baya, ƙafafun makarar suna leƙowa waje. Mu huɗu muka hau muka riƙe. Ni ina wajen kai. Alhaji ya shiga gaba, ya rufe gilashi.

Mun iso darbejiya lafiya, in ban da fizga biyu a hanya. Jama'a suka sauko daga babura da adaidaita suka kewaye motar kamar kullum, dattawa a baya da gefe, kowa ya ɗora hannu. Kawu ya murɗa maɓallin zuwa firi, motar tana gangarawa a hankali, ya danna ya kashe inji.

Sai ta tsaya cak, kamar ta daki bango.

Makarar ta suɓuce daga hannunmu ta yi gaba, kanta ya daki ƙarfen bayan gidan direba. Na ji ƙarar a yatsuna kafin in ji ta a kunne. Waɗanda ke baya suka faɗa jikin motar. Ladanin masallacinmu, wanda ya haura saba'in, ya fasa leɓe a gefen murfin. Wani ya ce dutse ne a ƙarƙashin taya. Aka leƙa, ba dutse. Wani ya ce rami ne, a jijjiga ta. To mutanen da suka shekara ashirin suna tura mota ba sa tsayawa tambaya. Kusan mutum talatin suka sa ƙarfi, a ja baya, a tura gaba, a ja baya, a tura gaba. Duk jan da aka yi baya, makarar sai ta nufi waje, mu huɗu mu janyo ta. Kawu yana ta murɗa maɓalli, maɓalli ba ya amsawa. A jijjiga ta biyar wani abu ya ce ƙas a ƙarƙashinmu. Motar ta saki, ta tafi tana wani gurnani na ƙarfe a kan ƙarfe har ƙofa.

Aka binne goggo. Muna fitowa, ƙasa ba ta bar hannunmu ba, Kawu ya tayar da motar. Ta tashi, amma fitilar gargaɗi mai hoton sifana ta kama a gabansa, kuma da ya sa ta a tsayawa ya ɗaga ƙafa sai ta fara silalewa baya, sai da aka sa mata dutse. A nan, a ƙofar maƙabarta, Alhaji ya ɗaga murya.

"Ka karya min mota! Mota sabuwa, a fitar farko! Wa ya ce ka kashe ta?"

Da Kawu yake yi. Ni na amsa.

"Yaya, goggo ba ta yi minti goma a ƙasa ba."

"Kai kuma mai rediyo, ba labarai ake karantawa a nan ba."

Bai tambayi yadda kan makarar ya yi ba. Na jira in ji ko zai tambaya a ranar, ko a kwana ukun zaman makoki. Bai tambaya ba.

Washegarin sadakar uku muka kai ta wurin wani bakanike mai duba mota da na'ura, can bayan Ƙofar Dawanau. A giya ɗaya ta tafi duk hanyar, inji yana kuka, adaidaita suna wuce mu. Bakaniken mutum ne mai barkwanci. Da ya ji yadda aka yi sai ya riƙe baki.

"Baba, turawa kuka yi? Ku nawa?"

"Za mu kai talatin."

"Kai! Ai ko giwa ce ta karye. Wannan in ta mutu ba a tura ta, ɗaukarta ake yi. Ita ma sai an nemo mata makara."

Ya kwance kaskon da ke ƙarƙashin akwatin giya, ya tsiyaye man a roba, ya lalubo wani guntun ƙarfe kamar kan ɗan yatsa ya ɗora a tafin Kawu. Ya ce wannan ita ce ƙugiyar da ke kama giya in mota tana tsaye. Irin waɗannan motocin, da zarar an kashe inji, da kansu suke jefa ƙugiyar, ko direba ya so ko bai so ba. Ita muka yi ta jijjigawa har ta karye. Sannan ya tsoma yatsa a man ya kai hancin Kawu. Baƙi ne wuluk, yana warin ƙonewa.

"Wannan kuma ba aikin Talata ba ne. Man nan ya ƙone tun motar ba ta hau jirgin ruwa ba. Tana fizga a lungu, ko?"

"Na faɗa."

"Za ta yi. An gina ta ne don dogon titi. Tafiyar ƙafa zafi take sa mata, ga ciki dama ya ci wuya. Ko ba ku tura ta ba tana nan tafe wurina."

Na rubuta maganganunsa biyu a takarda, ta ƙugiya da ta mai, na karanta masa, ya ce haka ne.

A aljihun gaban motar akwai littafinta, da Turanci, mai kauri kamar bulo, ba wanda ya taɓa buɗe shi. Na kai shi gida na yi yammaci uku a kansa. Na sami wurin da ya ce motar tana kulle kanta in an kashe inji. Shafi biyu bayan nan kuma na sami yadda ake hana ta: a taka birki, a sa firi, a bi wasu matakai a allon gaban direba, sai ta yarda ta zauna a firi na ɗan lokaci ko da inji a kashe. Lokacin ya isa a yi taku ɗari biyu da goma har a dawo. Da an ba ni littafin ranar Juma'ar da aka kawo ta, ko da ni na nema, da kan goggo bai daki ƙarfe ba. Wannan kason nawa ne, na kuma faɗe shi a gaban mutane.

Mai unguwa ya kira zama bayan sadakar bakwai, a zaurensa, bayan la'asar. Akwai liman, da ladan da leɓensa a kumbure, da dattawa biyar ko shida, da Alhaji, da Kawu, da ni. Kowa ya san abin da aka zo yi. Alhaji yana so a karɓe mukulli daga hannun Kawu a ba direbansa.

Aka ce in yi bayani. Na faɗi abu uku a jere, ban ƙara gishiri ba. Turawa ce ta karya ƙugiya. Akwatin giya da ciwonsa ya zo, kuma Kawu ya yi gargaɗi a gaban shaidu. Sannan akwai hanyar da za a ci gaba da turawa ba tare da an karya komai ba, ga shafin.

Alhaji ya ɗauki na farko ya bar biyun.

"To kun ji daga bakin ɗan 'yar uwarsa. Turawa ce."

"Abu uku na faɗa, Yaya."

"Bakanike zai faɗi abin da zai kawo masa aiki. Ni na san abin da na sayo." Ya juya ga mai unguwa. "Ranka ya daɗe, ni zan gyara ta, ba na neman taimakon kowa. Amma ba za a ƙara tura ta kamar kurar ruwa ba. Kuma direbana ne zai riƙe ta."

"Alhaji," in ji ladan, maganarsa tana fita da ƙyar, "mu fa ba mu ce an yi mana laifi ba. Leɓe ne, zai warke."

"Baba ladan, yau leɓe ne, gobe haƙori."

Na ce wa Alhaji abin da aka bayar sadaka ya bar hannun mai bayarwa. Ya ce in haka ne in gyara ta da albashin rediyo. Mai unguwa yana kallon tabarma. Tsohuwar motar ta riga ta zama gwangwan, kuma duk wanda ke wurin ya san ba mai iya nemo kayan gyaran sabuwar sai Alhaji.

Liman ne ya nemi tsakiya. Ya roƙi Alhaji ya janye sharaɗi ɗaya. Aka yi ta ja har ya yarda: Kawu ya riƙe mukulli, amma ya yi alkawari a gaban liman ba zai ƙara kashe inji a darbejiya ba, zai kai gawa har ƙofa da mota a kunne. Na ga mai unguwa ya saki numfashi. A ganinsa an gama.

"Malam direba, ka ji," in ji liman. "Mukullinka yana hannunka."

Kawu ya dubi dattawan ɗaya bayan ɗaya. Ya daɗe a kan ladan.

"Allah gafarta Malam, su kuma waɗannan fa? Su bi hayaƙi?"

"Niyya ake dubawa."

"Haka ne." Ya sa hannu a aljihu ya fito da ɗan baƙin abun, ya ajiye a kan tabarma gaban mai unguwa. Ya ɗora guntun ƙarfen da bakanike ya ba shi a gefensa. "Wannan na Alhaji ne, wannan ma nasa ne. A yafe ni."

Ya tashi da ƙyar saboda gwiwa. Ba wanda ya tsayar da shi. Alhaji ya ɗauki mukullin ya bar ƙarfen.

Gyaran ya ci wata biyu. Bayan nan direban Alhaji ya kai gawa huɗu. Direba ne mai kyau, ba ni da abin faɗa a kansa. Yana wuce darbejiya ba ya rage gudu, domin in ya rage motar fizga take yi. Dattawa suna isowa a adaidaita su tarar har an sa mamaci a kabari. Ladan ya daina zuwa, ya ce sallar da ya yi a ƙofar gida ta ishe shi.

Cikin damina, a hanyar dawowa daga ta huɗun, ta ƙi shiga kowace giya a tsakiyar titi. Ba wanda ya tura ta. A bayan wata mota aka ɗauko ta. Bakanike ya ce yanzu akwatin giyar gaba ɗaya ne ya lalace, kuma irinsa sai an aiko daga waje. Alhaji yana gaya wa mutane ɓarnar Kawu ce take bin ta har yau. Takardar da na rubuta a gareji tana nan wurina, duk wanda ya maimaita min wannan magana ina karanta masa.

Tana ƙofar masallaci yanzu, an lulluɓe ta da tamfol, awaki suna fakewa ƙarƙashinta. In an yi rasuwa ana ɗauko hayar tsohuwar a-kori-kura daga bakin kasuwa, kowace aka samu. Kawu yana riga mu zuwa darbejiya a adaidaita, ya tsaya a gefen hanya. In motar ta iso sai ya ƙwanƙwasa ƙofar direba ya ce, "Malam, sa ta a firi, kashe ta." Wasu direbobin sukan yi gardama, sai an yi musu bayani. Daga nan ya koma baya ya ɗora hannunsa tare da sauran.

Watan jiya direban Alhaji ya bar aiki. Alhaji ya aiko wa mai unguwa da mukullin, ya ce a mayar wa Baba direba, abin da ya wuce ya wuce, in akwatin giyar ya iso Kawu ne zai riƙe motar. Mai unguwa ya ba ni in kai. Na sami Kawu a shago yana naɗe igiya. Ya saurare ni har na gama, bai miƙo hannu ba.

"Ya janye maganar turawa?"

"Bai ambace ta ba."

"To ka mayar masa. Ka ce a ƙofar maƙabarta ya yi min magana, gaban jama'a. In yana da wata maganar, ya same ni a can."

Na je Dawanau na sami Alhaji a rumfarsa cikin abokan ciniki. Na ajiye mukullin a kan buhun gero da ke gabansa, na faɗi saƙon kalma da kalma, da irin muryar da kowa a rumfar zai ji. Ya ce min mara kunya. Na yi masa sallama na fito.

Ranar Asabar da ta wuce aka yi jana'izar wani maɗinki maƙwabcinmu. A darbejiya na hango Alhaji ya sauko daga motarsa. Ya tsaya yana kallo har aka kashe inji, sannan ya tako, ya naɗe hannun babbar rigarsa, yana neman inda zai ɗora hannu. Kawu yana dama da ni, ladan yana hagu, ya dawo tun da aka koma turawa. Tsakanina da ladan akwai ɗan wuri da zai ɗauki hannun mutum ɗaya in na matsa. Alhaji bai ce wa Kawu komai ba. Ban matsa ba.